Allurar da Aka Bari a Ƙirjina

Sunana Asabe. Na koyar a wata makarantar firamare a Samaru har na ajiye alli. Abin da zan ba da labarinsa ya same ni ne shekara biyu bayan an buɗe karatun firamare kyauta, lokacin da aji ɗaya yakan cika har wasu yaran su zauna a bakin taga. A lokacin ina da shekara arba'in da ɗaya, 'ya'yana huɗu, autar ta yi shekara shida da yaye. Allah ya nufa da sauran shan ruwana a duniya, shi ya sa nake zaune ina rubuta wannan, don matar da za ta ga abin da na gani ta so yin shiru kamar yadda na so in yi.

Wata Laraba a farkon damina, na dawo daga makaranta ina cire kaya, sai na ga ɗigo guda a rigar nonona ta ɓangaren hagu, launinsa kamar ruwan goro. Na ɗauka jan biron da nake duba littattafan yara ne ya yi yoyo. Bayan kwana uku na sake gani. Na matsa kan nonon a hankali, sai ga ɗan jini ya fito, bai kai ƙwayar gero ba. Ba zafi, ba kumburi, ba zazzaɓi. Na lalube ko'ina ban ji ƙullutu ba. Na ce a raina abin da ba ya ciwo ba ciwo ba ne, na riƙa sa auduga ina tafiya aiki.

Sati biyu na yi a haka. Wadda ta gano ni ita ce Malama Rifkatu, mutuniyar kudancin Zariya, mai koyar da aji huɗu. Muna cin gyaɗa a gindin mangwaro lokacin tara, audugar ta goce, tabon ya fito a farar rigata. Ta kalle shi, ta kalle ni.

"Malama Asabe, mene ne wannan?"

Na ce biro ne.

Ta ce, "Yayata ungozoma ce, na ji tana faɗa wa mata. Jini ba ya fitowa ta nan don wasa. Ki gaya wa Malam yau, in ba haka ba ni zan je in same shi a gona."

Malam, maigidana, shi ne mai kula da leburori a gonar binciken auduga. Mutum ne da ba ya yawan magana. Da na gaya masa bayan la'asar, sai ya tambaye ni tun yaushe, na ce sati biyu. Bai yi faɗa ba. Ya ce in shirya, Litinin zai kai ni babban asibiti a kan babur.

Litinin ɗin muka isa da sassafe, amma mun tarar da benci ya cika. Yankan kati kaɗai ya kai mu hantsi, ganin likita ya kai mu bayan azahar. Wani matashin likita ya duba ni, ya ce bai ji komai ba, amma zai rubuta ni ga likitan tiyata ranar Alhamis ta sama. Shi likitan tiyatar dattijo ne ɗan ƙasarmu, mai furfura a gemu. Ya daɗe yana dubawa, da nas a tsaye a gefe, har ƙarƙashin hammata. Daga nan ya wanke hannu ya zauna.

"Malama, hannuna bai ji komai ba. Amma a kan wannan ban yarda da hannuna ba. Za ki je ɗakin hoto."

Ɗakin hoton nan ya ci mini sati uku. Zuwan farko aka ce irin fim ɗin da ake ɗaukar nono da shi ya ƙare, na ƙashi ne kawai ya rage. Zuwa na biyu an ɗauke wuta, muka zauna har aka tashi. Ba wanda yake yi wa mutum bayani. Sai ki yini a benci, sannan akawu ya leƙo ta taga ya ce, "Ba yau ba." A lokacin asibiti ba ya karɓar komai a hannun mutum, wannan na gode. Amma kowane zuwa sai na roƙi hedimasta, na bar yara sama da sittin, na shiga bas daga Samaru zuwa Sabon Gari, na sake shiga wata. Malam ba ya iya barin gona kullum, damina ce.

A hanyar dawowa nakan tsaya gidan Goggo Indo, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarama. Gidanta yana bayan kasuwar Sabon Gari, tana yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Zuwa na uku ta ajiye ludayi ta ce, "Asabe, malamar makaranta ba ta yawo ranar aiki. Faɗa mini." Na faɗa mata. Ta sa na buɗe, ta duba da hannunta mai ƙamshin tunkuza.

"Babu komai a nan. In ma akwai, to ciwon daji ne, shi kuwa daji ba ya son ƙarfe. Maƙwabciyata Ladi, allura ɗaya aka yi mata, bai fi wata uku ba muka kai ta makwancinta. Kada ki bari su taɓa ki."

Kashegari ta aiko mini da rubutu a kwalba da wani garin saiwa da za a kwaɓa a shafa. Rubutun na sha da bisimilla. Garin na shafa kwana biyu, fatar ta yi ja tana ƙaiƙayi, na daina. Ita ba ita kaɗai ba ce. Wata dangin Malam daga Bomo ta ce nono ne ya kwanta tun yayen auta, a yi mini ƙaho. Wata ta ce sammu ne daga wajen aiki. Kowa da fatan alheri ya zo, amma kowa ya tafi sai ya bar ni da ruɗanin da ya fi na da.

A sati na bakwai aka yi hoton. Likitan hoton Ba'indiye ne, gajere, yana Turanci a hankali yana cusa 'yar Hausar da ya koya. Aka matse nonon tsakanin abubuwa biyu masu sanyi har sai da na ciji leɓe, aka ɗauka ta sama, aka ɗauka ta gefe. Da fim ɗin ya bushe ya kira ni da kansa, ya maƙala shi a jikin wani akwati mai fitila. Ya nuna mini wani wuri can ciki, bayan kan nonon. Wasu fararen ɗigo-ɗigo ne, kamar an barbaɗa gishiri a kan baƙin kasko, duka ba su kai faɗin farcen ɗan yatsa ba.

Ya ce mai yiwuwa ba komai ba ne, mai yiwuwa kuma farkon daji ne, ba mai iya sani sai an ciro wurin an duba. Matsalar ita ce likitan tiyata ba ya jin sa da hannu, ba zai kuma gan shi da ido ba, domin nama ne kamar sauran nama. In ya shiga da lalube zai yanki da yawa, kuma yana iya kuskure shi. Saboda haka da safen ranar aikin shi zai soka siririyar allura, ya ɗauki hoto, ya gyara ta, ya sake ɗauka, har sai bakinta ya tsaya daidai kan ɗigon. Sai a bar ta a ciki, a tura ni ɗakin tiyata, likita ya bi ta. Ya ce sabuwar dabara ce da ya gani a inda ya yi karatu, sau kaɗan ya yi ta a nan. Bai ɓoye mini wannan ba.

"Allura ba magani," in ji shi da Hausarsa. "Allura nuna hanya."

Ranar Asabar muka tafi gidan Goggo ni da Malam. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi mata bayani da kansa.

"Goggo, kamar yadda muke yi a gona ne. In mai bincike ya ga cuta a gindin auduga guda cikin kadada, sai ya kafa fegi a wurin, don wanda zai zo cirewa kada ya tuge na ƙalau."

"Nonon 'yata ba gonar auduga ba ce," in ji Goggo. "Ana cewa daji ba ya son allura, ku kuma za ku kai masa ita har gida ku bar ta a can? Asabe, ni na riƙe ki, ban taɓa hana ki boko ba. Amma wannan in kin je, ba da yawuna ba."

Na fito gidan da nauyi a zuciya, domin ban taɓa tsallake maganarta ba. Kwana uku ina juya abin. Abin da ya tsaya mini shi ne, Goggo ta duba ba ta ji komai ba, likita ya duba bai ji komai ba, amma ni na ga ɗigon nan da idona a jikin fitila. Ba zan iya komawa kamar ban gani ba.

Ranar da aka ba ni gado, na shiga ɗakin mata da yamma, sai na iske Goggo zaune a baranda a kan tabarmarta, da buta, da kwanon fate a rufe. Ta riga mu zuwa.

Ta ce, "Har yanzu ban yarda ba. Amma ba bare ne zai yi miki jinya ba ina raye."

Da safe aka hana ni ci da sha, aka kai ni ɗakin hoto. Likitan ya auna da 'yar rula a kan fim, ya auna a jikina, ya yi alama da biro. Ya yi mini allurar kashe zafi, sannan ya soka doguwar. Ban ji zafi sosai ba, sai dai nauyi, kamar ana tura yatsa a ƙulli. Aka ɗauki hoto, muka jira a wanke shi, ni kuwa ina zaune ba motsi. Ya dawo ya ce ta wuce wurin kaɗan, ya ja ta baya. Aka sake ɗauka, aka sake jira. A na uku ya nuna mini: ga layin allurar fari tas, ga gishirin a bakinta. Ya tura ɗan shuɗin ruwa kamar bula ta cikinta don ya rina wurin, ya manne ta da filasta, nas ta kifa ƙaramin kofin roba a kai ta ɗaure da bandeji. Aka ce kada in ɗaga hannu, kada in yi tari in zan iya.

Aka turo ni a gado ta baranda. Goggo ta miƙe, ta dubi tudun kofin a ƙarƙashin zane. Ta bi gadon tana addu'a ƙasa-ƙasa har ƙofar da aka tsayar da ita.

A bakin ɗakin tiyata na yi kusan awa biyu. An kawo waɗanda suka yi haɗarin mota, aka shiga da su gabana. Ban ga laifin kowa a wannan ba, amma ba wanda ya zo ya ce mini ga dalili, sai daga baya na ji. Maganin kashe zafin ya saki, wurin ya fara zugi, maƙogwarona ya bushe, tari yana taso mini ina haɗiye shi. Duk numfashin da na ja sai in ji kamar allurar ta gusa. Na karanta duk surar da na haddace, na koma farko. Cikin dukan jinyar nan, wannan jiran ya fi tsaya mini a rai.

Da na farfaɗo, yankan bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Likitan tiyata ya ce allurar ba ta gusa ba, ya bi ta ya tarar da shuɗin, sun kuma ɗauki hoton naman da aka ciro sun ga ɗigon duka a ciki. Kwana huɗu aka sallame ni. Na koma Samaru ina ganin an gama.

Bayan sati biyu muka koma jin sakamako. Likitan ya sa aka kawo wa Malam kujera. Ya ce daji ne, amma yana farkonsa, bai fita daga hanyar da ruwan nono yake bi ba. Sai dai ya kai har bakin abin da aka yanko, ba shi da tabbacin babu saura. Shawararsa a cire nonon gaba ɗaya.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Likita, to ina amfanin allurar? Na ɗauka don kada a cire ne na sha wannan wahalar."

Ya ce, "Amfaninta shi ne yau muke wannan maganar. Matan da nake gani, sai abin ya fashe ake kawo su, ba ni da abin da zan yi musu sai wanke ciwo. Ke ina da abin da zan yi miki."

Goggo da ta ji ta ce, "Ai na faɗa. An taɓa shi, ya tashi." Na yi mata bayanin cewa da ma yana nan, gano shi kawai aka yi, amma ba ta saurara ba. Malam kuwa da muka koma gida ya ce, "Malama, jikinki ne, ba zan tilasta miki ba. Amma in kin tambaye ni, ni ke nake so a gidan nan, ko da me aka rage." Na yi istihara, na yi kuka na kwana biyu ba tare da yara sun gani ba, sannan na ce a sa rana.

Aiki na biyu shi ne jinya ta gaske. Na farka da bandeji tun daga hammata har tsakiyar ƙirji, da wata roba tana tsiyayar da ruwa cikin kwalba a gefen gado. Hannun hagu ya ƙi ɗaguwa. Goggo ce take tashe ni, ta goge mini jiki, ta riƙe kwalbar in za ni bayi, ta ba ni kunun gyaɗa a baki. A rana ta huɗu zazzaɓi ya rufe ni, gefen ɗinkin ya fara ruwa, aka shiga yi mini allura safe da yamma. Duk lokacin da nas ta zo da tire, Goggo sai ta juya baya. Sau ɗaya suka yi sa-in-sa da sista, babbar nas ɗin ɗakin, domin ta ɗora ruwan zafi za ta gasa mini wurin kamar mai jego. Sista ta hana. Suka daidaita a kan ta gasa kafaɗa da baya, ta bar ciwon. Gashin nan kuwa ya yi mini daɗi ƙwarai.

Ranar da aka fara buɗe bandejin na kawar da kai. Goggo ce ta duba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ɗinkin ya miƙe. Wanda ya yi shi ya san aikinsa." Sai bayan kwana uku na iya dubawa da kaina. Layi ne guda, wurin a shafe kamar ƙirjin yarinya. Ban yi kuka ba a ranar, sai dai na kasa cin abinci.

Kwana goma sha shida na yi, aka sallame ni zuwa gidan Goggo, domin ya fi kusa da asibiti saboda wankin ciwo. Wata guda na yi a Sabon Gari. Ta daina suyar gyaɗa sati biyu saboda ƙaurin yana tayar mini da zuciya, masu saye suna zuwa suna komawa. Kullum da safe takan tsayar da ni a jikin bango in riƙa hawa da yatsu kamar yadda aka koya mini, in na ce na gaji ta ce saura kaɗan. Ita take ɗaura mini ɗankwali, sai a sati na shida na iya kai hannu biyu bayan kai na ɗaura da kaina. Malam yakan zo bayan aiki da yaran bi da bi. Wata rana Goggo ta sa ya kawo mata auduga gurzajjiya daga gona, ta ɗinka ɗan matashi daidai tafin hannu, ta cusa a rigar nonon ta ɗinke. Da shi na koma makaranta, ba wanda ya gane sai wanda ya sani.

Rifkatu ta haɗa ajina da nata zango guda cur. Duk Asabar takan zo da labarin yara, ta ce matan cocinsu suna sa ni a addu'a. Goggo takan zuba mata fate ta ce, "Ke ce kika jawo mana wannan," Rifkatu ta ce, "Ni ce, Goggo," su yi dariya.

Sakamako na biyu ya nuna an sami ɗan saura a nonon da aka cire, amma bai kai hammata ba. Na riƙa komawa duk wata uku, daga baya duk wata shida, daga baya shekara-shekara. Dajin bai dawo ba. Hannun yakan kumbura in na yi wanki da yawa, har yau. Goggo ta rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka, kuma har ta koma ga Allah ba ta canza magana ba: rubutu ne ya kare ni daga sharrin allurar. Ban taɓa yi mata musu ba. Allah ya jiƙanta, ya saka mata.

Abin da yake damuna shi ne, likitan hoton ya koma ƙasarsu ba da daɗewa ba, aka jima kuma ba mai yin irin aikin. Na san matan da suka je bayana aka ce su dawo in ƙullutun ya fito. Ni ban fi su da komai ba, dacewa na yi. Don haka nake cewa duk wadda ta ga jini ko wani ruwa a kan nono, ko ƙullutu, ko fatar ta lotsa, kada ta jira zafi. Nawa bai taɓa yin zafi ba. Ta sha rubutunta, ta yi addu'arta, amma ta je a duba, in an ce ba yau ba ta koma gobe.

Shekara uku bayan aikin, uwar wata ɗalibata, mai sayar da nono da fura daga wajen Shika, ta tsaya a ƙofar ajina bayan an tashi. Ta ajiye ƙwaryarta, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce ta ji an ce an taɓa yi mini aiki. Akwai wani abu kamar gujiya a nononta, wata biyu ke nan, kuma an ce mata in aka yanka mutuwa ake yi. Na rufe ƙofa da tagogi, na buɗe rigata na nuna mata. Ta kalli tabon, ta kalli fuskata.

"Malama, da zafi?"

"Da zafi. Amma ga ni."

"Mijinki bai ce komai ba?"

"Shi ya kai ni."

Ta ɗauki ƙwaryarta. Na ce mata Litinin zan nemi izini in raka ta, in ta ga dama ta same ni a tashar bas da sassafe. Ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba, ta tafi.

Ranar Litinin na fito ban sa rai ba. Na iske ta zaune a kan dutse a bakin tasha, ba ƙwarya a kanta, mijinta yana tsaye a gefe da sandarsa.